Yadda na zauna jarrabawar magana ta IELTS har sau biyu

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara 11 ina aiki a wani asibiti a Kaduna, kuma da Turanci na yi karatuna tun daga firamare har zuwa makarantar koyon aikin jinya. Da shi nake rubuta rahoton marasa lafiya, da shi nake miƙa aiki ga wadda za ta canje ni idan na tashi daga aikin dare. Saboda haka, lokacin da na ƙudura neman rajista da Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Birtaniya, wadda ake taƙaita sunanta da NMC, aka ce mini dole sai na kawo shaidar iya Turanci, kuma na zaɓi jarrabawar IELTS, ban ɗauki sashen magana a bakin komai ba. Sashen rubutu nake tsoro, a kansa na ƙare dararena. Amma da sakamako ya fito, sashen maganar nan da na raina shi ne ya tsone mini ido, ya jawo mini asarar kuɗi mai yawa da jinkirin wata 7. Abin da ya kayar da ni ba ƙarancin Turanci ba ne kaɗai, kuma babu wanda ya taɓa yi mini bayaninsa kafin in shiga ɗakin, shi ya sa nake son in zayyana yadda komai ya gudana domin 'yan'uwana da ke kan wannan hanya.

Jarrabawar tana da sassa huɗu: saurare, karatu, rubutu da magana, kuma ana ba kowane sashe maki har zuwa 9, tare da rabi-rabi a tsakani. Iri biyu ce, akwai wadda ake kira Academic da wadda ake kira General Training, kuma ta farkon ce hukumar ma'aikatan jinya take karɓa. A lokacin da na nema, sharaɗinta shi ne a samu 7 a saurare da karatu da magana, 6.5 a rubutu, jimilla kuma, wato matsakaicin makin sassan huɗu, 7. Ina shawartar kowa ya leƙa shafin hukumar da zai nema wa rajista da kansa kafin ya biya ko kwabo, domin sharuɗɗan sukan canja, kuma na san wadda ta yi rajistar nau'in da ba shi ake buƙata ba saboda ta dogara da maganar ƙawa.

Abu na farko da ya tsayar da ni shi ne fasfo. Da fasfo na ƙasa da ƙasa ake yin rajistar, shi kuma ake zuwa da shi ranar jarrabawa, nawa kuwa ya riga ya ƙare aiki tun bayan dawowata daga Umara. Sai da na sabunta shi tukuna, wanda ya ɗauke ni 'yan makonni. Wajen cike bayanai a intanet na kusa yin kuskuren da matan aure da yawa suke yi, wato rubuta sunan da aka san ni da shi a wurin aiki, mai haɗe da sunan maigidana, alhali sunan mahaifina ne a fasfo. Ƙanena da ke taimaka mini a kwamfuta shi ya ankarar da ni cewa harafi ɗaya bai kamata ya bambanta ba. Muka ɗauki hoton shafin fasfon mai ɗauke da bayanai muka ɗora, muka zaɓi cibiya a Abuja da jarrabawar takarda, sannan muka biya ta banki. Kuɗin yana hawa ne gwargwadon faɗuwar naira, don haka adadin da na biya ba zai amfani mai nema yau ba, amma a lokacin ya haura albashina na wata guda. Da kwasar adashen da muke yi a ɓangarenmu na asibiti na biya.

Shirin da na yi wa sashen magana shi ne tushen matsalar. An saka ni a wani zauren WhatsApp na masu shirin jarrabawar, inda ake ta tura takardu masu ɗauke da tambayoyi da amsoshin da aka ce na masu maki 9 ne. Na buga su a takarda, na riƙa haddace su a cikin Keke Napep da lokacin da marasa lafiya suka yi barci. A cikin amsoshin nan, mutum yana zaune shi kaɗai a hawa na biyar na wani dogon bene, yana zuwa gidan motsa jiki da asuba, yana shan kofi da abokai a ƙarshen mako, yana fita yawo da karensa da yamma. Ni kuwa a Tudun Wada nake, a gida mai tsakar gida da rijiya, tare da maigidana da yara huɗu da surukata da ƙannen miji biyu. A raina na ɗauka cewa rayuwar da ke cikin takardun ita ce mai jarrabawa yake son ji, kuma idan na ambaci tuwo da zaman makoki da gaishe da maƙwabta zai ɗauke ni baƙauya ya rage mini maki. Babu wanda ya faɗa mini haka, ni ce na kitsa wa kaina.

Ana saura kwanaki kaɗan saƙon imel ya shigo cewa zan yi sashen magana ranar Alhamis, sauran ukun kuma ranar Asabar. Ban san ana iya raba su haka ba, ashe akan sa maganar a cikin mako guda kafin ranar rubutu ko bayanta. Dole na nemi hutun kwana huɗu maimakon biyu, na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini aikin dare ɗaya. Na hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ranar Laraba, na sauka a Kubwa wajen ƙanwar mahaifiyata, wanda ya rage mini kuɗin masauki. Duk wanda zai zo daga nesa ya sa wannan a lissafinsa, domin kuɗin mota da na kwana da na abinci sukan taru su zama wani nauyin na daban.

Na isa cibiyar kusan awa guda kafin lokacina. Aka karɓi jakata da wayata da agogona aka adana, aka duba fasfo, aka ɗauki hotona da hoton yatsana. Wata ma'aikaciya ta ja ni gefe ta nemi in ɗaga hijabina ta duba kunnuwana, cikin mutunci kuma ba a gaban maza ba, don haka kada mai hijabi ta damu da wannan. Daga nan muka zauna a jere a baranda, mu shida, babu mai cewa uffan. Ina ta maimaita haddata a zuci kamar mai shirin musabaƙa, tafin hannuna yana gumi duk da sanyin na'ura.

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya da kujeru biyu, da 'yar na'urar ɗaukar murya da agogon ƙidayar lokaci. Mai jarrabawar dattijo ne mai furfura, sa'an mahaifina, kuma ganinsa kawai ya sa jikina ya koma yadda aka tarbiyyantar da ni: na sunkuyar da kai, na sassauta murya, na haɗa hannuwa a cinya. Ya kunna na'urar, ya tambayi cikakken sunana, ya duba fasfo, muka shiga kashi na farko wanda yake ɗaukar minti 4 zuwa 5 ana tambayar mutum game da gidansa da aikinsa da abubuwan yau da kullum. Ya tambaye ni irin gidan da nake zaune, na zubo masa haddar bene mai hawa biyar babu tuntuɓe. Sai ya tambaye ni wane ɗaki na fi so a gidan, kuma don me. Wannan ba ya cikin takarda. Na tsaya ina laluben ɗaki a cikin gidan da ban taɓa shiga ba, na ce falo, ya ce don me, na ce don yana da kyau, na yi shiru. Haka muka yi da tambayar ƙarshen mako. Jimlolin da na haddace suna fita dogaye masu manyan kalmomi da sauri kamar karatun allo, waɗanda zan ƙirƙira da kaina kuma suna fita guntu-guntu, kalma uku ko huɗu. Ko yaro ne yake saurare zai gane cewa muryoyi biyu ne suke magana.

A kashi na biyu ya miƙo mini kati da fensir da takarda. Ana ba mutum minti ɗaya ya yi tunani ya ɗan rubuta abin tuni, sannan ya yi magana shi kaɗai har zuwa minti biyu. Katina ya ce in ba da labarin wani cin abinci da na yi tare da mutane da yawa wanda ba na mantawa. Har yau ina jin ciwon wannan katin, domin makonni kaɗan kafin nan aka yi sunan ɗan ƙanwata, muka kwana muna girki a manyan tukwane uku, muka yi rabon tuwon shinkafa da waina gida-gida har layi na uku. Labarin yana kan harshena, amma na ture shi na ɗauko haddar wani gidan cin abinci na alfarma da ban taɓa takawa ba. Kafin minti ɗaya ya cika haddar ta ƙare. Ya ɗaga mini hannu alamar in ci gaba, na maimaita jimlar ƙarshe da wasu kalmomi, sannan na ce shi ke nan.

Kashi na uku shi ne ya fi yi mini nauyi, domin a nan ake barin labarin kai a shiga tattauna al'umma da ɗabi'unta. Ya tambaye ni ko iyalai suna cin abinci tare yanzu kamar da, ko ya dace tsofaffi su zauna da 'ya'yansu, da kuma abin da ke canja waɗannan al'adu. Ina da amsa ta gaskiya, tunda shekara 9 ke nan ina zaune da surukata, ni nake auna mata sukarin jini kowace safiya, na san daɗin zaman na san wahalarsa. Amma sai na ce gidan kula da tsofaffi ya fi, don ina zaton shi ne ra'ayin wayayyu. Ya ce to ba za su yi kewar jikokinsu ba? Nan take na ce haka ne, gaskiyarsa. Ya ce ke nan zama da iyali ya fi? Na ce haka ne. A gidanmu idan babba ya kawo magana ba a ja da shi, kuma mace mai kunya ba ta tsawaita zance a gaban dattijo. Na yi abin da tarbiyyata ta koya mini, shi kuma abin da yake nema shi ne ya ji ina kare ra'ayi da hujja. Ya kashe na'urar ya yi mini godiya, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Duk abin bai kai minti 12 ba.

Ranar Asabar na yi sauran sassan a zama ɗaya na kusan awa uku babu hutu, kuma sun tafi yadda na zata. Bayan kwana 13 sakamako ya fito a intanet: saurare 7.5, karatu 7, rubutu 6.5, magana 6, jimilla 7. Ƙanena ya fara yi mini murna da ya ga jimillar, sai na nuna masa lamba 6 ɗin. Hukumar tana yarda a haɗa sakamakon zama biyu da aka yi a cikin wata 12, amma da sharaɗin kada wani sashe ya gaza abin da ake nema da fiye da rabin maki, don haka 6 a magana ta rufe mini wannan ƙofar ma. Akwai damar neman a sake duba maki a cikin mako 6, ana biyan kuɗi, ana mayar wa mutum idan makin ya ƙaru. Na kwana biyu ina juya maganar, daga baya na haƙura, domin ni na san abin da na faɗa a ɗakin nan, kuma duk wanda ya sake sauraron muryata abin da zai ji ke nan. Na yi kuka a ɓoye, ban iya gaya wa matan adashenmu ba sai bayan mako guda.

Wanda ya warware mini abin wani tsohon malamin Turanci ne da ya yi ritaya, aminin marigayi mahaifina. Na je gaishe shi, na ba shi labari, ya sa jikansa ya bugo masa takardar ma'aunin maki wadda masu jarrabawar suka wallafa a fili ga kowa. Abubuwa huɗu ake aunawa, kowanne da nauyi daidai da ɗan'uwansa: gudanar magana da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, nahawu da ire-iren jimloli, sai lafazi. Ya miƙo mini takardar ya ce, “'Yata, duba da kyau, nuna mini inda aka rubuta cewa ana ba da maki don mutum yana zaune a bene ko don ra'ayinsa ya yi daidai da na Bature.” Na duba daga sama har ƙasa babu. Sai ya ce in ba shi labarin Asabar ɗin da ta wuce da Hausa. Na yi fiye da minti biyar ina zuba: wankin safe, zuwa kasuwa, gaisuwar mutuwa a Unguwar Sanusi, rigimar yara a kan waya, kai wa maƙwabciya mai jego kunun kanwa. Ya ce, “To maimaita mini da Turanci.” A nan na ga ramin da ke cikin Turancina. Na san sunan kowace jijiya da kowane magani, amma ban san yadda zan faɗi ciyayya ko zaman makoki ko lefe ko gayya ba, domin ban taɓa buƙatar faɗinsu da wani harshe ba.

Wata huɗu muka yi muna zama a zaurensa duk Asabar bayan la'asar. Ya hana ni neman fassarar kalma da kalma, ya ce abin da ba shi da suna a Turanci a ambace shi da sunansa na Hausa sau ɗaya, sannan a bayyana shi da jimla mai sauƙi, kuma ya nuna mini a takardar cewa iya kewaya kalmar da ta ɓace a bayyana ma'anarta abu ne da ake ba wa maki. Na koyi cewa ciyayya ita ce al'adar da maƙwabta suke aika wa juna kwanon abin da suka girka, kuma kwanon ba ya komawa wayam. Na koyi bayyana miyar kuka, da dalilin da ya sa gaisuwarmu take da tsawo. Ya kuma kama mini kurakurai biyu da ban san ina yi ba: ina fara labari da sigar abin da ya wuce sai in zame zuwa ta yanzu a tsakiya, kuma ina cakuɗa harafin p da f kamar yadda Hausawa da yawa muke yi, ina kuma cusa wasali a tsakanin baƙaƙen da suka haɗu. Ya ce ba a neman in yi magana kamar 'yar Landan, ana neman a fahimce ni ba tare da wahala ba. Na riƙa ɗaukar muryata a waya ina saurare, abin da ban so ba da farko amma ya fi komai amfani.

Darasin da ya fi yi mini wuya shi ne musu. Malam yakan kawo magana da gangan, misali ya ce karatun 'ya mace ɓata lokaci ne, sannan ya zuba mini ido. Makonnin farko murmushi kawai nake yi ina kallon tabarma. Ya ce, “Na san ladabi ne, kuma ni ma haka nake so 'ya'yana su kasance, amma wancan mutumin ba surukinki ba ne. Idan ya ja da maganarki, dama yake ba ki ki nuna Turancinki, ke kuma kina mayar masa da damar.” A hankali na saba ɗaga kai, in faɗi abin da nake gani, in kawo dalili, in ɗauko misali daga gidanmu ko daga asibiti, in kuma yarda da abin da yake gaskiya a ɗaya ɓangaren ba tare da na saki nawa ba. Ranar da na ce masa, “Baba, a nan kam ban yarda ba,” na kuma yi minti guda ina kawo hujja da Turanci, ya ce in je in sake rajista.

A karo na biyu, cikin 2024, na zaɓi yin ta a kwamfuta, domin sakamakonta yana fita cikin 'yan kwanaki, kuma wanda ya yi ta kwamfuta yana iya sake sashe ɗaya kaɗai a cikin kwana 60 idan cibiyarsa tana yin haka kuma hukumar da zai kai wa ta amince. Kuɗin ya ƙaru sosai a kan na farko, maigidana ne ya cika mini. Ko a wannan tsari sashen magana da mutum ake yi, ba da na'ura ba. An sa mini komai a rana ɗaya, rubutu da safe, magana da yamma, sai na yi sallar azahar na ci abinci kaɗan na zauna jira. Tsoro yana nan, amma babu hadda a kaina, sai na ji kan ya yi sauƙi.

Mai jarrabawar mace ce wadda ba ta kai ni shekaru ba. Ta tambaye ni aikina, da abin da nake yi da safe, da ko na san maƙwabtana. Na gaya mata cewa nakan tashi kafin asuba, in yi salla, in ɗora koko, in auna sukarin surukata kafin ta karya, kuma a layinmu babu gidan da ban san sunan yaransa ba. Kowace tambaya ta biyo baya ina da abin faɗa, domin daga abin da na sani take fitowa. Da ta miƙo katin kashi na biyu, sai na ga an ce in ba da labarin lokacin da na tara kuɗi don wani abu mai muhimmanci. A cikin minti ɗayan nan na rubuta kalmomi biyar kacal. Na faɗi kalmar adashe, sannan na bayyana mata cewa mu 12 ne, kowace tana zuba adadi ɗaya a ƙarshen wata, mutum ɗaya ta kwashe duka, haka har a zagayo. Na ce babu takardar yarjejeniya babu kuɗin ruwa, babbar sista ce uwar adashe, a bayan wani tsohon littafin rahoto take rubuta sunayenmu. Na ba ta labarin watan da kwasata ta zo daidai da kwanciyar ɗan abokiyar aikina a asibiti, na bar mata ta kwasa ni na koma ƙarshen layi, da yadda kwasar ƙarshen ta zama kuɗin jarrabawata ta farko. Ban kai ƙarshen labarin ba ta dakatar da ni, minti biyu sun cika. Wannan dakatarwa ba laifi ba ce, aikinta ne ta kiyaye lokaci.

A kashi na uku ta ɗauki zancen kuɗi ta faɗaɗa shi. Ta tambaye ni ko matasa suna tanadi kamar iyayensu, ko mutane sun fi damuwa da abin duniya yanzu, ko wajibi ne 'ya'ya su ɗauki nauyin iyayensu. Na ce a wurinmu ana ganin ɗaukar nauyin iyaye biyan bashi ne da ba ya ƙarewa, kuma ni na yarda da haka, domin na ga bambancin tsohon da jikoki ke kewaye da shi da wanda ake kawowa asibiti babu mai jinya. Ta ce ai wannan yana hana matasa gina tasu rayuwar. Na ji tsohuwar ɗabi'ar nan ta taso ta cewa haka ne, amma na danne ta. Na ce akwai gaskiya a ciki, domin na san mai albashi ɗaya da mutum 15 suke jira, kuma zumunci yakan zama kaya idan aka jibga wa mutum ɗaya, sai dai maganin shi ne 'yan'uwa su raba nauyin, ba a yar da shi ba. A kan son abin duniya na kawo misalin lefe, yadda yawan akwatuna ya zama gasa har yana jinkirta aure. Wata tambaya ban gane ta ba, na roƙe ta ta sake faɗa da wasu kalmomi, ta sake, kuma hakan halal ne a wannan kashi. Na yi kuskuren nahawu sau biyu da na ji da kunnena, ɗaya na gyara, ɗaya na wuce. Bayan kwana huɗu sakamako ya fito: saurare 7.5, karatu 7.5, rubutu 6.5, magana 7.5.

Turancina bai canja da maki ɗaya da rabi a cikin wata 7 ba, ko da yake gyaran nahawu da lafazi ya taimaka. Abin da ya canja shi ne na daina aron rayuwar wasu. Mai jarrabawa ba ya binciken gaskiyar labari, kuma wanda kati ya zo masa da abin da bai taɓa yi ba yana iya ƙirƙira, amma labarin aro ba shi da zurfi, tambaya ta biyu take fasa shi, ita kuwa hadda an horar da su su gane ta. A zama biyun nan babu wanda ya tambaye ni addinina ko siyasa ko sunan mijina, kuma da na ambaci salla da azumi a matsayin tsarin yinina babu fuskar da ta canja. Ban kuma yarda da masu cewa kunyarmu ci baya ce da ya kamata a yar ba. Ina nan da ita a gaban surukata da malamina. Sai dai ya kamata mai shiga ɗakin nan ya san cewa a wurin ana fassara shirunsa da gajeriyar amsarsa a matsayin rashin iya harshe, domin abin da ya fito daga baki kaɗai na'urar take ɗauka.

Wanda yake shiri ya nemi mutum mai rai da zai riƙa zama da shi yana tambayarsa yana musa masa, zai fi kyau idan babba ne da yake jin nauyinsa. Ya zauna ya lissafa abubuwan rayuwarsa da bai taɓa faɗa da Turanci ba, abincin gidansu, bukukuwansu, sana'ar iyayensa, yadda ake sulhu a unguwarsu, ya gwada bayyana kowanne da baki yana duba agogo, har ya san tsawon minti biyu a jikinsa. Sakamakon yana aiki ne na shekara biyu, don haka kada a yi jarrabawar sai sauran takardu sun kusa haɗuwa. Ni na miƙa nawa ga hukumar a makon da ya fito, yanzu ina shirin jarrabawar ƙwarewar aiki ta kwamfuta. Biyu daga cikin ƙananan ma'aikatan ɓangarenmu sun fara zuwa gidana ranar Lahadi da yamma, muna zama a tsakar gida ina riƙe da agogo suna magana, kuma kwasar adashen wata mai zuwa ta ɗaya daga cikinsu ce.